Tagar Ajin Malam Kusurwa

Ɗalibansa ne suka raɗa masa Malam Kusurwa, saboda ba ya iya ganin bango ko tebur ko ƙafar kujera bai tsaya ya tambaye su wace irin kusurwa ce ba. Lissafi yake koyarwa a wata makarantar sakandare, a ƙasar da ba tasa ba, kuma yana cikin shekararsa ta biyu da zuwa. Harshen garin ya iya shi daidai gwargwado. Yana koyarwa da shi, yana cefane da shi, amma in aka yi raha da sauri sai dai ya bi mutane da dariya, sai ya koma gida yake gane abin da aka ce.

Ɗaki ya kama a saman wani tsohon bene a ƙarshen layin makarantar. Masu gidan suna ƙasa, wani dattijo da matarsa. Dattijon tela ne da ya ce ya ajiye aiki, amma kullum keken ɗinkinsa na ƙara. Kunnensa ya yi nauyi, don haka da ihu yake magana, gani yake kowa ma kurma ne. Malam yana kiransa Baba Tela. Matar kuwa Inna yake ce mata, tun ranar da ta hau sama ta tarar da shi yana suyar ƙwai hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, ta ƙwace kaskon ta ce ɗan mutane ba zai mutu da yunwa a saman kanta ba. Shi Baba Tela ba ya kiran sunan matarsa. Hukuma yake ce mata.

"Hukuma ta hana sukari," zai ce, yana tura wa Malam kofin shayi. "Hukuma ta hana gishiri. Saura numfashi, shi ma na ji ana shawara a kai."

"Ka ji shi ko?" in ji Inna daga kicin. "Na ƙare ƙuruciyata wajen rainon tsohon nan, ko sannu babu."

"Me ta ce?"

Malam sai ya sunkuya a kunnensa. "Ta ce tana sonka."

"Ƙarya kake. Da haka ta ce da na ji."

Ɗa ɗaya gare su, yana aiki a tashar jiragen ruwa a wani gari mai nisa, ba ya zuwa sai jefi-jefi. Shi ma Malam mutum ɗaya ya bari a gida wanda hankalinsa ke kansa, yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Kusan kullum sai ta kira ta tambaye shi abin da ya ci.

Da shigowar sanyi wata irin mura ta shigo gari. Da farko ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai, ai mura ce. Sai aji ya fara raguwa. Yau ka ga benci ɗaya babu kowa, gobe layi guda. Malamai suka fara tari a ɗakin hutunsu, kowa na jan kujerarsa nesa da ta ɗan'uwansa. Da aka ji malamar tarihi ta kwanta a farkon mako kuma ba ta ga ƙarshensa ba, sai shugaban makaranta ya tara yara a fili ya ce kowa ya tafi gida sai an neme shi.

Ba a daɗe ba asibitin garin ya cika har baranda. Aka kira malamai su zo su kwashe kayansu, domin za a mayar da makarantar wurin jinya. Malam ya je ya tarar an fito da tebura an jibge su a baranda, ƙafafunsu a sama, ana shiga da gadaje na ƙarfe. Ajinsa na ƙasa ne, na ƙarshe, mai kallon bayan makaranta. Ya ɗauki littattafansa da gwangwanin allinsa ya fito.

Daga nan rayuwa ta dawo cikin ɗaki ɗaya. Ya mayar da ƙofar kabad ɗinsa allo, yana rubutu da alli, yana jingina waya da kofi yana ɗaukar kansa yana tura wa yara. Wasu su turo amsa, wasu su turo gaisuwa kawai, wasu kuma shiru, bai san ko wayar ce babu ko lafiyar ba. Hannunsa ya tsage saboda wanki da sabulu. Titin da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda motoci ya koma ba ka jin komai sai jiniyar motar asibiti.

Sai kuma magana ta fara yawo cewa baƙi ne suka kawo cutar. Mai burodin layinsu, wanda a da yake tsokanarsa da cewa zai ba shi 'yarsa in ya koya mata lissafi, yanzu in ya hango shi sai ya ajiye burodin a bakin ƙofa ya ja da baya. Wata mata ta janye ɗanta ta tsallaka titi. Malam bai faɗa wa kowa ba, amma Inna ta gani ta taga, ta faɗa wa mijinta. Baba Tela ya ɗauki sandarsa ya fita, daga saman bene ana jiyo shi.

"Yaron nan ya fi shekara yana cin burodinka mai kama da bulo bai mutu ba, shi ne kai za ka ce shi zai kashe ka?"

Ya dawo yana haki ya zauna a kan keke. Tsofaffin labulayen gidan ya sa Inna ta sauko da su, ya yanyanka yana ɗinka takunkumin rufe baki da hanci yana raba wa maƙwabta. Na Malam mai manyan furanni ja ne. Da Malam ya nemi a canja masa, Baba Tela ya ce a'a, ko cutar ta gan shi a haka kunya za ta ji ta wuce.

Inna ce ta fara kwanciya. Da safe ta ce kanta na sarawa, zuwa yamma ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta nemi numfashi. Washegari motar asibiti ta zo da mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Baba Tela ya sa takalmansa zai bi su, ɗaya daga cikinsu ya tare shi da hannu.

"Baba, ba a zuwa da kowa."

"Me ya ce?"

Malam ya faɗa masa. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya a ɗaure, ɗaya a kwance, har motar ta sha kwana.

Makarantar aka kai ta. A babbar ƙofa mutane ne tsaitsaye nesa da juna, kowa da kwanon abinci a hannu, mai gadi na ta faɗa musu su koma gida za a kira su. To kira ba shi da amfani ga Baba Tela, ba ya jin waya. Ya koma gida ya zauna a gaban keken bai taɓa shi ba. Malam ya dafa shinkafa ya sauko da ita, ya dawo ya tarar da ita yadda ya ajiye. Duk ihun nan da ya saba cika gidan ya ɗauke ɗif.

A cikin masu jinyar akwai wata nas, uwar wata ɗalibarsa. Malam ya samu lambarta ya kira. Ta ce Inna na nan da rai, an sa mata iska, tana ɗakin mata na ƙasa, na can ƙarshe. Ajin Malam ke nan.

Ya sauka ya durƙusa kusa da kunnen tsohon. "Baba, sa rigar sanyinka. Zan kai ka ka ga Inna."

Akwai wata 'yar hanya a bayan makarantar, tsakanin katanga da wasu bishiyoyi, inda shingen waya ya ɓalle. Ta nan ɗaliban da suka makara suke silalowa, kuma Malam da kansa ya sha laɓewa a wurin yana kama su. Ranar shi ne ya ɗaga wayar shingen, tsoho mai sanda ya sunkuya ya wuce. Tagar ajin tana da ɗan tudu. Malam ya mirgino wani bulo, ya ɗora Baba Tela a kai, ya riƙe shi ta ƙugu.

Gadaje ne jere a inda bencina suke a da. Na Inna yana jikin allo, ba a ma goge aikin da ya bari a kai ba. Ta rame, da robar iska a hancinta, idonta a rufe. Baba Tela ya ciro makullin gida ya ƙwanƙwasa gilashin. Ba ta motsa ba. Ya sake. Matar da ke gado na kusa ta miƙa hannu ta taɓa ta. Inna ta juyo a hankali.

"Hukuma!" Baba Tela ya kwarma ihu. "Na sha sukari! Cokali cike!"

Inna ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ɗaga hannu da ƙyar, ta nuna shi da yatsa tana kaɗawa. Matan ɗakin masu sauran ƙarfi suka sa dariya, dariyar ta koma tari. Malam yana jin jikin tsohon na rawa a hannunsa, bai san ko dariya ce ko kuka ba, bai kuma leƙa fuskarsa ba.

Nas ta zo tagar da fushinta, da ta ga mai takunkumin furanni sai ta sassauta. Ta matso da bakinta jikin gilashin. "Malam, ni ban gan ku ba. Amma kada wanda ya taɓa buɗe tagar nan."

Ranar Baba Tela ya cinye shinkafarsa har ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Shi ke nan ya zama musu aiki. Kullum da la'asar, in Malam ya gama tura darasi, sai su kama hanya. Tsohon zai hau bulo ya ba ta labarin layi kaf da ihu, wa ya kwanta, wa ya tashi, abin da mai burodi ya yi. Ita ba ta jin rabin abin da yake faɗa, shi ba ya jin komai daga nata, amma sai su yi ta yi har ƙafarsa ta gaji. Wasu mutanen suka gano hanyar, suka riƙa zuwa suna neman nasu tagogin. Wata rana har mai burodin Malam ya gani a can gefe yana ɗaga ƙaramar 'yarsa ta ga uwarta. Suka haɗa ido, kowa ya kau da kai.

Sai ruwa ya sauko, irin mai yini yana zuba da iska mai shiga ƙashi. Malam ya ce yau kam a haƙura, shi zai je shi kaɗai ya gaishe ta.

"Kai ta aura?" in ji Baba Tela, yana neman hularsa.

"Baba, dubi garin. Jikinka ba zai ɗauka ba."

"In ban je ba za ta ɗauka na mutu. Ita kuma in ta ɗauka na mutu, mutuwa za ta yi don ta biyo ni ta yi mini faɗa. Ɗauko lema."

Malam ya ɓoye masa sanda. Tsohon ya fita ba sandar, yana dafa bango. Dole Malam ya biyo shi da ita da lemar. Hannu ɗaya na riƙe da ƙugun tsohon, ɗaya na riƙe da lema, iska na juya ta, haka suka yi ta zuwa duk kwanakin ruwan.

Tarin ya fara masa ne a hanyar dawowa. Ya ce ƙura ce ta yadi. Kafin wani yinin zazzaɓi ya rufe shi. Malam ya kira motar asibiti, aka ce babu gado ko ɗaya, har a ƙasa an shimfiɗa wa mutane. A ba shi ruwa da maganin zazzaɓi, a kwantar da shi ta gefe, in gado ya samu za a zo. Ya kira ɗan tsohon, ya faɗa masa. An rufe hanyoyi tsakanin garuruwa, ba mota ba jirgi. Ɗan ya yi ta tambaya da ƙarfi, ta ina ya ɗauka, ba a gida yake zaune ba? Malam ya faɗa masa gaskiya. Sai ya ji an kashe wayar.

Ya kwaso bargonsa ya dawo ƙasa. Da yayarsa ta kira ta ji inda yake, kuka ta sa masa.

"Auta, don Allah ka fita daga ɗakin nan. Ba su da dangi ne? Ba su da maƙwabta?"

"Yaya, kowa na fama da nasa."

"Ni fa? Ni wa nake da shi in ba kai ba? In wani abu ya same ka a can ko gawarka ba zan gani ba."

"Ina sa takunkumi, ina wanke hannu. Yaya, in na hau sama ina jiyo tarinsa ta ƙasan gadona. Ya zan yi in kwanta?"

Sai ta ce ya riƙa ba shi ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan da cokali, kada ya ɗura masa, haka ta yi wa mahaifiyarsu.

Haka ya yi. Ya jiƙa tawul ya goge masa jiki, ya juya shi, ya canja masa zanin gado, ya kai shi bayi a kafaɗarsa. Tsohon ba nauyi, kamar ka ɗauki daurin yadi. In la'asar ta yi kuwa, ko idonsa a rufe yake sai ya buɗe.

"Tashi ka je."

"In bar ka kai kaɗai?"

"Ina zan gudu? Je ka ce mata ƙafata ce."

Malam ya riƙa zuwa shi kaɗai. Ba ya bukatar bulo. Inna takan dube shi, sannan ta leƙa bayansa. Shi kuma ya nuna ƙafa, ya yamutsa fuska, ya kwantar da kai a kan tafin hannu alamar yana hutawa. Ta taɓe baki ta kaɗa kai. Jikinta kuwa ya fara kyau, an cire mata robar, har tana zama. In ya dawo, tambayar farko ke nan.

"Ta tashi zaune?"

"Ta tashi, har ta ci abinci da kanta."

"Ta yi faɗa?"

"Ta yi."

"To ta warke."

Gadon bai samu ba. Wata safiya da hantsi, rana ta ɗan fito bayan kwanakin ruwa, Baba Tela ya ce a sa masa rigarsa ta fita, yau da kansa zai je. Malam ya sa masa, ya ɓalla maɓallan. Tsohon ya shafa su ya ce an tsallake ɗaya, malamin lissafi guda bai iya jera maɓalli ba. Malam ya gyara. Ya ɗauko kofin ruwa ya juyo da cokali, ya tarar numfashin ya canja, yana ja da nisa yana tsayawa. Ya ajiye kofin ya riƙe hannunsa, yana kiran Baba, Baba, a kunnen da ya fi ji. Ba a jima ba ya tsaya gaba ɗaya.

Masu fararen kaya suka zo da yamma. Ba su bar shi ya taɓa komai ba. Ya bi motar da ƙafa har ƙarshen layi, wani ɗan sanda ya ce ya koma. Ya tsaya a tsakiyar titi, ba mota ko ɗaya da za ta ce ya kauce.

Da ya kira nas ya faɗa mata, ta yi ajiyar zuciya. "Malam, kada ta sani yanzu. Ƙirjinta bai daɗe da buɗewa ba. Na ga waɗanda suka fara tashi, labari irin wannan ya mayar da su. Ka ci gaba da zuwa kamar kullum."

Wannan ne ya fi masa komai wuya, ya fi jinyar. Kullum da la'asar ya sa takunkumi ya je ya tsaya, ya nuna ƙafa, ya kwantar da kai a tafin hannu. Ya gode wa Allah da abin ya rufe masa rabin fuska. Inna ta fara takawa. Wata rana ta taso har jikin tagar, tana dafa gadaje, ta tsaya suna kallon juna ta gilashi. Ta yi alamar zuba sukari a kofi, ta kaɗa yatsa, wato ya hana tsohon. Malam ya gyaɗa kai. Ya zagaya bayan katanga ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya daɗe bai iya tashi ba.

Shi ko atishawa bai yi ba duk tsawon lokacin. Wannan ma ya zama abin magana a layi.

Ranar da aka sallame ta shi ya je ɗaukarta a babbar ƙofa. Tun safe yake juya maganar a bakinsa. Kalmomin mutuwa da ya sani a harshensu, wasu na labarai ne a rediyo, wasu kuma ba a faɗa wa matar mamaci su. Suka taho a hankali, tana riƙe da hannunsa, tana tsayawa tana hutawa. Ta tambayi ko an ba furanninta ruwa. Ta ce ta san kicin ɗinta ya zama abin tausayi. Da suka zo inda ake jiran bas, ana hango gidan, sai ta zauna a kan bencin.

"Ɗana, faɗa mini a nan. Ba na so in ji a cikin gidan."

Malam ya tsaya kamar an dasa shi.

"Tun ina yarinya nake tare da mutumin nan," ta ce. "Ciwon ƙafa bai taɓa hana shi zuwa inda aka hana shi ba."

Ya durƙusa a gabanta. Duk abin da ya shirya ya gudu. "Inna, Baba ya tafi," ya ce. "Ina wurin. Ina riƙe da hannunsa."

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi gidan, ta dubi hannuwanta. "Kai kuma kana zuwa kana nuna mini ƙafa."

"An ce kada in faɗa."

"Na sani. Ba ni makullin."

Ta shiga ta rufe ƙofa. Kwana da kwanaki Malam yana ajiye abinci a bakin ƙofar, wani lokaci ya tarar an ɗauka, wani lokaci a'a. In ya ƙwanƙwasa sai ta ce tana nan, ya je abinsa. Bai san ko fushi take da shi ba, bai kuma ga fuskar tambaya ba.

Cutar ta fara lafawa, aka buɗe hanyoyi. Ɗan ya iso da wata mota ta aro. Kafin ya shiga gida maƙwabta sun riga sun ba shi labari irin nasu, cewa baƙon nan ne yake jan tsohon cikin ruwa kullum. A matakala ya tare Malam. Kamarsu ɗaya da ubansa, har ƙarar muryar.

"Kai ne malamin? Mutum mai wannan shekarun ka ɗauka kana tsayar da shi a ruwa? Da ubanka ne za ka yi masa haka?"

Tambayar da Malam yake yi wa kansa ke nan tun ranar, kuma bai samu amsar da ta zauna masa ba. Shi ya nuna hanyar. Da bai nuna ba, wataƙila da tsohon na nan. Wataƙila kuma da yunwa da zaman shiru sun riga murar.

Ƙofar ƙasa ta buɗe. Inna ta fito tana dafa bango.

"Rage murya, a gidana kake," ta ce da ɗanta. "Ka san ubanka. Wa ya taɓa jansa zuwa wani wuri? Wa ya taɓa hana shi? Ni da na yi rayuwata ina hanawa, me na hana?"

Ɗan ya juya ya shige ciki. Amma shawara ya riga ya yanke: zai tafi da uwarsa, za a rufe gidan a sa shi a kasuwa, Malam ya nemi wani wuri kafin ƙarshen wata.

Ana gobe za su tafi, da rana, Malam na haɗa littattafai a kwali sai ya ji taku a matakala, ana hawa ana hutawa. Inna ce. Ta zauna a bakin gadonsa har numfashinta ya daidaita.

"Yanzu zan iya ji," ta ce. "Faɗa mini duka. Kada ka gyara komai."

Ya faɗa mata. Tarin, da tawul, da cokalin ruwa, da yadda yake koro shi in la'asar ta yi. Ya faɗa mata tambayar da yake yi in ya dawo, da abin da ya ce da ya ji ta yi faɗa. Da ya zo kan rigar fita da maɓallin da aka tsallake, sai dariya ta kufce mata, ta rufe baki da gefen mayafinta, daga nan kukan ya zo. Ta yi shi sosai, irin wanda ta riƙe tun daga bencin bas. Malam ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, shi ma yana nasa.

Da ta natsu ta share fuska ta ce, "Da wace rigar aka tafi da shi?"

"Mai ruwan toka."

"Gara. Ita ce mai kyan." Ta miƙe tana dafa kafaɗarsa. "Ban yi fushi da kai ba. In na gan ka ne nake ganin tagar, shi ya sa."

Da safe suka tafi. Malam ya taya ɗaukar kaya, ɗan bai hana shi ba, bai kuma yi masa magana ba. Shugaban makaranta ya ba Malam wani ɗan ɗaki a gidajen malamai, ya koma can. Aka wanke azuzuwa aka buɗe makaranta, yara suka dawo, ba duka ba. Gidan benen wani mai sayar da kayan lantarki ya saye shi ya mayar da ƙasan shago.

An yi watanni bai ji daga gare su ba. Sai wata rana yana fitowa daga aji wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ɗan ne. Ya ce uwarsa ce ta matsa masa ya kira, ta ce a faɗa wa Malam tana nan lafiya, sai ɗan tarin da bai sake ta ba. Malam ya ce a gaishe ta da kyau. Har zai sauke wayar, sai ya ji numfashin mutumin.

"Malam," ya ce, a hankali wannan karon. "Ya sha wahala?"

Malam ya matsa gefen baranda, yara na wucewa ta bayansa da hayaniyarsu.

"Ya sha," ya ce. "Kwanakin ƙarshe numfashin ya ba shi wuya. Amma yana cikin hankalinsa, kuma ba shi kaɗai ba ne a ɗakin."

Ɗan ya ce, "To. Na gode." Ya kashe wayar.